Ta ina marubuciya mai yara uku za ta fara gyaran ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni marubuciya ce a cikin garin Katsina, ina rubuta labarai ina sayarwa ta waya, da kuɗin nake rufa wa kaina asiri. Muna zaune a ɗaki da falo a gidan su maigidana, sashenmu na kallon na Hajiya surukata. Yarana uku, babbar shekararta tara, autan bai cika biyu ba. A kan katifa nake rubutu har bayana ya fara ciwo. Daminar da ta wuce gara ta cinye min litattafan rubutu biyu da na ajiye a kwali ƙarƙashin gado, fentin bango ɗaya kuma ya kumbura yana zuba. Ina son aikin hannu, na sayi zare da turmin atamfa da fayafayi don in ƙawata falon, amma duk ranar da na zauna kansu ba na rubuta ko layi ɗaya, masu karatu na ta jiran ci gaba. Hajiya kuwa gani take danna waya kawai nake yi. Don Allah ta ina zan fara? Daga Maman yara uku.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yara, ya sa albarka a alƙalami.

Ki fara da takardun, yau ɗin nan, kafin maganar fenti ko faifai. Ki jawo duk kwalin da ke ƙarƙashin gado ki zazzage shi a tsakar gida, ki shanya litattafan a rana kamar awa biyu kina buɗa shafukansu, sannan ki ɗauki hoton kowane shafi ki tura wa kanki ta imel ko ki ɗora a Google Drive. Kwalin ki jefar da shi. Gara na cin kwali, kuma ƙarƙashin gado ya tara mata duk abin da take so: duhu, danshi, da lungun da tsintsiya ba ta kaiwa kullum. Madadinsa adakar ƙarfe ce irin ta 'yan makarantar kwana, a ɗora ta kan bulo biyu don ta tashi daga ƙasa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Ki tsinko ganyen bedi ki shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, ki ƙulle a ɗan ƙyalle ki jefa ciki, kina sabunta shi duk wata uku. Kafur kuwa kada ya shigo ɗakin da ke da ɗan shekara biyu. Fari ne, zagayayye, yaro alewa zai ɗauke shi, kuma guba ne. Haka fiya-fiya, maganin ƙwarin gona ne, bai dace da ɗakin da yara ke kwana ba. In kin ga hanyar ƙasa da gara ta gina tana hawa bango, karya ta kaɗai ba ya wadatarwa, don gidanta na ƙarƙashin ƙasa. Ki bi hanyar har inda ta fito, yawanci tsaga ce a gindin bango ko gefen ƙofa, a toshe ta da siminti.

Sai maganar ƙawata falo. Shawararmu ita ce ki jingine falon gaba ɗaya tukuna. Abin da sana'arki ke nema wuri ne ƙafa huɗu a ƙafa huɗu, kuma shi kaɗai za ki gyara a wannan karon. Wanda ya ce sai ya gyara ɗaki duka kafin ya zauna aiki, kuɗin ne ke ƙarewa a tsakiya, ya kwana cikin ƙura da bokitin fenti.

Wace kusurwa? Ba jikin bangon da ke zubar da fenti ba. In da hali ki guji bangon yamma ma, don shi ke shan ranar la'asar, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, sai ya yi ta furzar da zafin har bayan isha'i. Ki zaɓi inda hasken taga zai zo miki ta hagu in da dama kike rubutu, don kada inuwar hannunki ta rufe takarda. In kin kalli taga kai tsaye ido zai gaji, in kin ba ta baya haske zai riƙa ƙyalli a fuskar waya.

Shi bangon da ya kumbura sai an san ta inda ruwa ke shigarsa, in ba haka ba ko sau nawa aka shafa masa fenti zai sake zubowa. Ki dubi inda ɓarnar ta tsaya. In daga ƙasa take zuwa gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari mai kama da kanwa, ruwan daga ƙasa yake hawa. In daga sama take da shatar ruwa a silin, rufin ne ke yoyo. In kuma tabo ne a tsakiya, ki leƙa bayan bangon, da wuya ki rasa banɗaki ko wurin wanke-wanke. Don ki tabbatar ko har yanzu yana jan ruwa, ki yanki farar leda kamar faɗin littafi, ki manna a wurin da salatef ta gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, ki bar ta kwana biyu. In kin ɓare kin tarar da gumi ta cikin ledar, bangon bai bushe ba. Maganin mai hawa daga ƙasa a waje yake: a cike ramin da ruwa ke kwanciya a gindin bangon, a yi masa daɓen siminti mai gangara, a karkatar da indararo nesa da shi. Wannan aikin magini ne, kuma yana cikin abin da za ki roƙi maigida.

Bangon kusurwarki kuwa ke da kanki za ki iya yi masa fenti. Bango mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 10 ya kai kusan murabba'in mita 11. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana shafe kamar mita 8 a kan filasta, shafi biyu ke nan wajen lita uku, saboda haka galan mai lita huɗu ya ishe ki har da ragowa. Ki kankare duk fentin da ya ɗago, ki goge da samfefa, ki kakkaɓe da busasshen buroshi. Farin garin nan kada ki wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma cikin bango ya sake fitowa. Shafin farko ki sirka, kofi ɗaya na ruwa ga kofi biyar na fenti, don filasta ta sha. Ki jira awa huɗu ki yi na biyu ba tare da ƙara ruwa sosai ba. Masu yawaita ruwa don fenti ya auka su ne za ki jingina da bangonsu ki tashi da farin gari a hijabi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. In sai cikin hunturu kika samu hali, ki rufe tagar gabas da ta arewa har ya bushe, don ta nan iskar ke kwaso ƙura ta manne a ɗanyen fenti. Launin madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi fari tas, wanda ke tona shatar kowane ɗan yatsa, ya kuma fi launi mai duhu da ke shanye hasken fitila. Fentin mai a bango mai danshi ɓarnar kuɗi ce, yana kulle ruwan a ciki ne har ya yi bororo. In ginin ƙasa ne, farar ƙasa ta fi masa.

Yanzu tebur, wanda shi ne maganin ciwon bayan. Ki ba kafinta awo a rubuce, kada ki ce masa kawai ya yi miki ɗan tebur, don zai iya kawo miki irin na tsakiyar falo. Tsayinsa daga ƙasa inci 29, samansa kuma ƙafa uku a ƙafa biyu. Saman ya zama filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu, wanda suke kira tiri-kwata. Ki ƙi katakon da ake matsawa daga garin katako, wanda suke ce wa MDF: yana da kyan gani, amma da kofin ruwa ya kife a kansa sai gefensa ya kumbura, kuma ba ya komawa. Ƙafafun in mai walda ya yi su da fayif inci ɗaya mai kusurwa huɗu ya fi, gara ba ta da abin yi da ƙarfe. In na katako ne a shafa musu Solignum, maganin kare katako daga gara, a waje, a bar su kwanaki har warin ya fita kafin a shigo da su. Baƙin mai da wasu ke shafa wa katakon rufi kada a kawo shi kusa da teburin rubutu, yana ɓata takarda da tufafi. A goge kusurwoyin tebur su zama ba kaifi, don daidai goshin autanki suke. Sannan a yi masa aljihu ɗaya mai makulli. Wannan aljihun ya fi duk adon da za ki yi muhimmanci, nan biro da caja da littafin da kike kai za su riƙa kwana.

Kujerar roba ta isa, mazauninta kusan inci 17 ne daga ƙasa. Ki zauna ki gwada: gwiwar hannu ta zo daidai saman tebur, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. In tebur ya yi miki tsawo ki ƙara matashi a kujera, ki taka 'yar tsugunno. Ki sa ƙaramin filo a ƙugu. In a waya kike bugawa, kafinta ya tsaga miki guntun katako da zai riƙe ta a tsaye, don sunkuyar da kai na awa biyu shi ke kawo ciwon wuya da kafaɗa. Ki miƙe ki taka duk bayan rabin awa. In ciwon ya wuce mako biyu bayan kin bar katifa, ko ya fara sauka ƙafa da jin sanyi ko tsikari, ki je asibiti.

Turmin atamfar da kika saya zai yi miki aiki biyu, kuma ba ƙyallen da zai tafi a banza. Turmi yadi shida ne, faɗinsa kusan inci 45. Ki fara wanke shi don sitacin ya fita, ya kuma gama tsukewa kafin ɗinki. Ki yanki yadi biyu da rabi sau biyu, ki kalmashe sama a zura waya ko sandar labule, kin samu labule mai ɓari biyu da zai rufe faɗin ƙafa huɗu da tattara mai kyau. Yadi ɗayan da ya rage na allon liƙa takardu ne.

Allon kuwa kwali ne mai kauri, irin na firji ko talabijin, a yanka fale uku, kowanne ƙafa biyu a ƙafa uku. In kin dubi gefen kwali za ki ga yana da jijiyoyi da suka miƙe waje ɗaya. Falen tsakiya ki yanke shi yadda jijiyarsa za ta gitta ta sauran biyun, abin da ke hana allon lanƙwashewa ke nan. Ki shafa farin gam irin Top Bond siriri da guntun kwali, ki haɗa, ki kwantar a daɓe ki danne da wani abu mai nauyi da faɗi har kwana ɗaya. Gam in ya yi yawa jiƙa kwalin yake, ya bushe a karkace. Kada ki dama sitaci ko ƙullun fulawa ki yi gam da shi, abinci kika ajiye wa kyankyaso. Ki yanki atamfa inci 28 a inci 40, ki shimfiɗa ta fuska ƙasa, ki ɗora allon, ki ja gefe biyu masu tsawo ki manne ta baya, sannan gajerun, kusurwa a ƙarshe. Ta gaba kada gam ya taɓa ta, yana hudowa ya bar tabo. Ki rataye shi ya ɗan saki bango, kina ɗaga shi kina dubawa lokacin shara, tunda kin san gidan na da gara. Maimakon ƙananan allurai da za su faɗo yaro ya tsinta, ki ja zarenki layi uku a kan allon ki riƙa maƙala takardu da abin maƙale shanya. A nan za ki jera sunayen mutanen labari da shekarunsu da dangantakarsu, da abin da zai faru a babi biyar masu zuwa, don kada wadda kika ce ƙanwar uba ce a babi na uku ta zama ƙanwar uwa a na ashirin.

Fayafayin ki zaɓi uku kawai, babba da ƙanana biyu. Ki jera su a ƙasa har tsarin ya kwanta miki kafin ki taɓa bango. Da basilla za ki ɗinka wa kowanne ɗan maɗauki ta baya. Ki manna salatef a inda za ki buga ƙusar kankare, yana rage farfashewar filasta. Ki nisanta su da inda rana ke faɗowa don rinin kaba saurin koɗewa yake, kuma da busasshen buroshi ake kaɗe musu ƙura, ruwa na sa launi ya zuba. Kaskon turaren wuta ki ajiye shi can ɗaya gefen falon, hayaƙinsa na baƙanta sabon fenti a hankali.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da muka fi jiye miki a wasiƙar shi ne inda kika ce ranar da kika zauna kan zare ba kya rubuta ko layi. Dalilin shi ne kina ba su lokaci iri ɗaya, alhali ba iri ɗaya suke buƙata ba. Hannu na iya saƙa baki na hira, kunne na jin kukan yaro. Rubutu ba ya jure haka, da an yi sallama jimlar ta gudu. Mace a gidan yawa tana da awoyi da dama da dole cikin mutane za ta yi su: baƙuwa ta shigo, zaman tsakar gida bayan la'asar, hira a ɗakin Hajiya, jiran tuwo ya sulala, zaman suna ko na biki. Duk waɗannan na aikin hannu ne. Ki zuba zare da allura da almakashi a jaka mai zif ki rataye bayan ƙofa inda yaro ba ya kaiwa, da baƙuwa ta zauna kin kawo mata ruwa sai ki saukar. Ba wanda zai ce kin yi wulaƙanci don kina kalmasa labule kuna hira, amma ki duba waya sau biyu a gaban baƙuwa ki ji abin da za a faɗa a unguwa. Lokacin da gida ya yi shiru kuwa kada zare ya ci minti ɗaya daga cikinsa. Kuma ki lura da kanki: ranar da labari ya cije, babi ya ƙi tafiya, ranar ce za ki ji sha'awar canza wa fayafayi wuri ta taso. Ki zauna a kujerar har lokacin da kika ɗiba ya cika, ko da layi goma ne suka fito.

Shirun nan a gida irin naki wuri uku yake ɓuya. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi, in tun dare kin goge kayan makaranta kin haɗa na karin kumallo. Da hantsi, manyan na boko, autan ya yi barci. Sai tsakanin la'asar da magariba a ranakun Islamiyya, wanda ba kya samunsa Alhamis da Juma'a. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe shi gam, na biyu ya zama ribar ƙafa. Ki kashe data kafin ki zauna, saƙonnin masu neman ci gaba su jira ki tashi. Kalma 500 a zama ɗaya, kwana biyar a mako, 2,500 ke nan, a mako 24 kin haɗa littafi mai kalma 60,000. Girki ma a rage masa cin lokaci: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa da daddawa a daka su tun ƙarshen mako a zuba a gwangwani mai murfi.

Labulen zai yi aiki a kan manyan biyu. Ki zaunar da su ki ce in labule na rufe Umma na aiki, sai in wani ya ji ciwo ko an yi sallama, kuma da kin buɗe ki saurare su da gaske don su ga alƙawarin na cika. A kan ɗan shekara biyu ba labulen da ke aiki, kuma bai kamata a kauda ido daga kansa ba a gidan da ke da rijiya, randa ko murhu. Ki yi rubutu yana barci ko yana hannun babba. Yayarsa kada ta zama mai raino, rabin awa na wasa da shi a gabanki ya isa. Ki ba ta ragowar kwali da ƙyalle ta yi nata ƙaramin allon, za ta rage sha'awar taɓa naki.

Hajiya abin da idonta ya nuna mata take faɗa: mace a kishingiɗe da waya a hannu. Teburin kansa zai canza rabin wannan, don wadda ke zaune a tebur da littafi da biro kowa ya san aiki take. Ragowar ba da musu za ki gyara ba. Ki gaishe ta, ki ji ko tana da aike, ki share tsakar gida kafin ki zauna. Ɗanta ne zai yi mata bayanin cewa sana'a ce, daga bakinsa ta fi shiga. In kuɗin littafi ya shigo ki riƙo sabulu ko turare ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ga na aikin rubutun nan, a sa mana albarka." Ki riƙa tambayarta yadda ake jere da kamun amarya a Katsina a zamaninsu, da sunayen kayan ɗakin da yanzu ba a gani, ki rubuta a gabanta. Amma abu ɗaya muke gargaɗinki da shi da babbar murya: kada sirrin gidan ko halin wani ɗan'uwan miji ya shiga labarinki ko da kin canza suna. Dangi na ganewa, kuma ranar da aka gane teburin ma sai ya gagare ki.

Maigida kuma ki same shi yana cikin natsuwa, ki roƙi abu uku da zai iya cewa to a kansu: gyaran gindin bango kafin damina, magana da Hajiya, da fita da yara ziyarar dangi na awa biyu ranar Asabar ko bayan masallacin Juma'a. Ki nuna masa lissafin abin da rubutun ke kawowa da inda yake tafiya.

Su kuwa masu karatu, ki sanar da su ranaku biyu ko uku a mako da za ki riƙa sakin labari, ki daina alƙawarin kullum. Kafin ki fara sakin sabon littafi ki tara babi biyar a ajiye, kuma kada ajiyar ta sauka ƙasa da uku, don zazzaɓin yaro ko rasuwa a dangi ba sa sallama. Wata ɗaya kafin azumi ki ƙara ta zuwa goma, tunda lokacin bayan asuba barci zai karɓe shi, na la'asar kuma girkin buɗa-baki. Allah ya taimaka, ya ba da kasuwa mai albarka.